Dattawa da wakilai: abubuwan da ya kamata ka sani game da yadda ake yin doka a Najeriya

Dokar man fetur ta shafe shekara 13 tana kai-komo a Majalisar Dokoki ta Tarayya. An fara gabatar da ita a 2008, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, amma sai ranar 16 ga Agustan 2021 marigayi Muhammadu Buhari ya rattaba mata hannu. Ita kuwa dokar da ta maido da tsohon taken ƙasa, mako guda ya ishe ta: wakilai suka amince ranar 23 ga Mayun 2024, dattawa ranar 28, washegari Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu. Hanya ɗaya dokokin nan biyu suka bi. Wanda ya san hanyar shi zai gane inda ake riƙe ƙudiri, da inda ake sakinsa, da kuma wanda ya kamata a tuhuma.

Me ya sa zaure biyu?

Amsar tana cikin yadda aka raba kujeru. A Majalisar Dattawa kowace jiha sanata uku gare ta, Abuja kuma ɗaya, jimla 109. Bayelsa da Kano duk ɗaya suke a nan. A Majalisar Wakilai kuwa yawan jama'a ake dubawa. Kujeru 360 ne: Kano 24, Legas 24, Kaduna 16, Katsina 15, Bayelsa da Nasarawa biyar-biyar, Abuja biyu. Zaure ɗaya na kare ƙananan jihohi kada manya su danne su, ɗayan na tabbatar da cewa yawan mutane bai tashi a banza ba. Ƙasa mai ƙabilu da addinai irin Najeriya tana buƙatar ma'aunin nan biyu.

Akwai dalili na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi. An so a ce babu dokar da za ta hau kan mutane sai ta wuce ƙofa biyu, a gaban mutane daban, masu shugabanni daban. Abin da wannan zaure ya yi cikin fushi ko gaggawa, wancan ya sake dubawa da sanyin rai.

Tsarin da ake kai yanzu ya samo asali ne daga kundin 1979, lokacin da ƙasar ta bar salon Birtaniya ta ɗauki na Amurka. A Jamhuriya ta Biyu sanata biyar-biyar jihohi 19 ke turawa. Ba kowace ƙasa ce ta ga amfanin zaure biyu ba: Ghana majalisa ɗaya gare ta, haka Nijar kafin juyin mulkin Yulin 2023, Senegal kuma ta rushe majalisar dattawanta a 2012. Masu cewa Najeriya ta bi sahu kuɗin da ake kashewa suke hange, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce.

Wa ke zama, wa ke jan ragama?

Mai neman sanata sai ya kai shekara 35. Na wakilai 30 ne a da, gyaran 2018 ya maido shi 25. Wa'adi shekara huɗu ne ga kowa, kuma ba a ƙayyade sau nawa mutum zai dawo ba. Dole kowane zaure ya zauna aƙalla kwana 181 a shekara. A al'ada Talata, Laraba da Alhamis ake zaman zaure, sauran lokaci na kwamitoci ne.

'Yan majalisa ne ke zaɓen shugabanninsu a ranar farko. Ranar 13 ga Yunin 2023 dattawa suka zaɓi Godswill Akpabio da mataimakinsa Barau Jibrin, wakilai kuma suka zaɓi Tajuddeen Abbas kakaki, da Benjamin Kalu mataimaki. Jam'iyya kan nuna wanda take so, amma ba kullum ake jin maganarta ba. Aminu Waziri Tambuwal a 2011, da Bukola Saraki da Yakubu Dogara a 2015, duk sun hau ne ba da son uwar jam'iyya ba. Ana wannan kokawa ne domin shugaban zaure ke da babban faɗa a ji wajen raba kwamitoci, shi ke ba da damar magana, shi ke yanke wane ɓangare ya yi rinjaye. A ƙarƙashinsa akwai shugaban masu rinjaye, da na marasa rinjaye, da masu tsawatarwa. Zama kuma ba ya halatta sai sandar majalisa na ajiye a gaban shugaban zaure, shi ya sa ƙasa ta girgiza ranar 18 ga Afrilun 2018 da wasu suka kutsa zauren dattawa suka yi awon gaba da ita.

Wani abu da ba a cika ambata ba: sashe na 55 na kundin 1999 ya ce za a gudanar da harkokin majalisa da Turanci, da kuma Hausa, Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Fiye da shekara 25 ke nan, har yau da Turanci ake zama. Miliyoyin masu zaɓe ba sa jin abin da ake faɗa da sunansu sai abin da rediyo ta taƙaita musu.

Hanyar da ƙudiri ke bi

Ƙudirin doka na iya fitowa daga fadar shugaban ƙasa ko daga hannun ɗan majalisa, kuma yana iya farawa a kowane zaure. Karatu na farko sanarwa ce kawai, a karanta sunan ƙudirin a wuce. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa: ana buƙatarsa ko ba a buƙata? Yawancin labaran da ke tayar da hankalin mutane a Facebook, wai "majalisa ta amince da doka kaza", a wannan mataki suke, alhali tafiyar ko rabi ba ta kai ba. Haka kuma matsayar da zaure kan cimma, a ce an yi kira ga gwamnati ta gyara hanya ko ta tura sojoji wani gari, ba doka ba ce. Shawara ce mai nauyi, amma minista na iya ƙin aiki da ita.

Idan ƙudiri ya tsallake karatu na biyu sai a miƙa shi ga kwamiti, kuma a nan ne ake ainihin aikin. Kwamiti kan kira zaman jin ra'ayin jama'a. Ɗaki ne a ginin majalisa: 'yan kwamiti a kan dogon teburi, jami'an ma'aikatu da lauyoyin kamfanoni a layin gaba da takardunsu a ɗaure, kowa a ba shi 'yan mintoci. Ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa ko ta malamai duk suna da damar aika takardar matsayarsu. Wanda ya zo da rubutu an ji shi; wanda ya tsaya ƙorafi a majalisar ƙofar gida, sai dai ya ga doka ta fito. Ba ƙaramin rashi ake yi a nan ba, musamman a Arewa, inda sau da yawa sai bayan an gama ake farkawa.

Rahoton kwamiti ya dawo zaure, a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku, a aika wa ɗaya zauren ya bi tasa hanyar. Ƙudirin da bai kammala ba har wa'adin majalisa ya ƙare, sai sabuwa ta sake ɗauko shi. Abin da ya yi ta cin dokar man fetur ke nan.

Idan zaurukan suka saɓa

Ba a kai wa shugaban ƙasa takarda biyu. Dole abin da dattawa suka amince da shi ya zama daidai da na wakilai, kalma da kalma. Idan aka sami bambanci, kowane zaure ya naɗa 'yan mutane kaɗan su zauna su daidaita. A 2021, a kan dokar man fetur, wakilai sun ce a ware wa al'ummomin da ake haƙar mai a ƙasarsu kashi 5 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfanoni, dattawa suka ce kashi 3. Kwamitin daidaitawa ya ɗauki kashi 3, kuma shi ya shiga doka duk da hayaniyar da wakilan Neja Dalta suka yi. Biliyoyin naira ne tsakanin lambobin nan biyu, kuma a ƙaramin ɗaki aka yanke.

Amma kwamitin ba majalisa ba ne. A 1981 kwamitin haɗin gwiwa kan kuɗi ya daidaita dokar rabon arzikin ƙasa, aka kai wa Shugaba Shehu Shagari ya sa hannu ba tare da an mayar wa zaurukan biyu ba. Jihar Bendel ta garzaya Kotun Ƙoli, kotu ta soke dokar.

Teburin shugaban ƙasa

Kwana 30 kundi ya ba shi ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, majalisa na iya tsallake shi da kashi biyu bisa uku a kowane zaure. Ta yi haka a 2000, lokacin da ta kafa hukumar raya yankin Neja Dalta ba tare da sa hannun Olusegun Obasanjo ba. Amma abin ba ya yawan faruwa. Da Buhari ya ƙi dokar zaɓe a Disambar 2021 saboda tilasta wa jam'iyyu zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe, an yi ta barazanar tsallake shi, daga baya majalisa ta gyara sashen, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022.

Gyaran kundin tsarin mulki ya fi wannan wuya: kashi biyu bisa uku a kowane zaure, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36. A nan ne zancen tazarcen Obasanjo ya mutu ranar 16 ga Mayun 2006, a zauren dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani. Duk mai cewa majalisa ba ta da amfani ya tuna da wannan rana.

Kasafin kuɗi

Ko sisi gwamnati ba ta da ikon kashewa sai da izinin majalisa. Shugaban ƙasa kan gabatar da kasafi a zaman haɗin gwiwa, ministoci su bi kwamitoci suna kare nasu, majalisa ta ƙara nan ta rage can. A wannan ƙari da ragi ne rigimar cushe take. Ɗan majalisar wakilai Abdulmumin Jibrin ya fasa ƙwai a 2016, aka dakatar da shi. A Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi ya yi zargi makamancin haka a hirarsa da sashen Hausa na BBC, aka dakatar da shi wata uku. A 2018 kuma Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa a lokacin kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis.

Ayyukan mazaɓu ma a nan suke shiga: rijiyar burtsatse, keken ɗinki, babura, ajin makaranta. Jama'a na buƙatarsu, babu musu. Illar ita ce sun zama ma'aunin da ake auna ɗan majalisa da shi. Mutumin da aka zaɓa ya sa ido a kan ma'aikatu ya koma mai neman alfarma a wurinsu, kuma bakin da ya ci ba ya iya tsawa.

Sauran ikon da ke hannunta, da iyakarsa

Dattawa kaɗai ke tantance ministoci, jakadu, alƙalin alƙalai da shugaban hukumar zaɓe. Zaurukan biyu na iya kiran kowane jami'i ya yi bayani, kuma su ke da ikon tsige shugaban ƙasa, ko da yake ba a taɓa kai wa ƙarshe ba. Su ne suka ɗora Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaba ranar 9 ga Fabrairun 2010, lokacin da 'Yar'aduwa ke jinya a Saudiyya. Sai dai ba kowane fanni ne nasu ba. Tsaro, kuɗin ƙasa da shige da fice na tarayya ne zalla, wasu fannoni kuma ana tarayya da jihohi, wasu na jihohi ne kaɗai, shi ya sa Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ba ta hau kan jiha ba sai majalisar jihar ta yi tata.

Matsalar ƙuri'ar murya

Kashi ɗaya bisa uku ya isa a buɗe zama: sanata 37, ko wakili 120. Ke nan a lissafi sanata 19 na iya zartar da doka da sunan zaurensu. Kuma yawanci ba a ma ƙirgawa. Shugaba ya ce masu goyon baya su amsa, marasa goyon baya su amsa, ya saurara da kunnensa, ya buga guduma. Babu takardar da za ta nuna wa mutumin Gumel ko Funtuwa ɓangaren da wakilinsa ya bi, ko ma yana zauren a ranar.

Ranar 20 ga Maris na 2025 zaurukan biyu suka amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas. Kundi ya ce sai da kashi biyu bisa uku na dukkan mambobi, wato sanata 73 da wakili 240. Da murya aka yi. Kunne ba ya ƙirga 73.

A gwada da ranar 15 ga Yulin 2021. Ana takaddama kan aika sakamakon zaɓe ta intanet, sai shugaban marasa rinjaye Enyinnaya Abaribe ya nemi a kira sanatoci ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya miƙe ya faɗi matsayarsa: 52 suka zaɓi a ɗaure hannun hukumar zaɓe, 28 suka ƙi. Jaridu suka buga sunaye, mutane suka san wa za su tambaya, kuma a watan Oktoba dattawa suka janye matsayar. Ranar 1 ga Maris na 2022 ma da na'ura aka kaɗa ƙuri'a kan gyaran kundi, ƙudiri bayan ƙudiri. Kayan aikin suna nan. Abin da ya rage shi ne kowane zaure ya gyara dokokinsa na cikin gida, ya wajabta ƙirga ƙuri'a da buga sunaye a kan kasafi, da bashi, da haraji, da dokar ta-ɓaci, kuma wannan gyara ba ya buƙatar sa hannun shugaban ƙasa ko amincewar jiha ko ɗaya.