Yadda ake amfani da maganaɗisu wajen "sauraron" RNA ɗin da ke cikin rigakafin korona

A watan Agustan 2021 Najeriya ta karɓi allurar rigakafin korona ta Moderna guda miliyan 4 daga Amurka. Duk wanda aka yi wa irinta a Ikara, Makarfi ko Kudan, abin da ya shiga jikinsa saƙo ne na RNA, wanda ake rubutawa da haruffa huɗu: A, U, G da C. Sai dai harafin U na cikin allurar ba na asali ba ne. An musanya shi da wani ɗan'uwansa daga dangin pseudouridine, don kada garkuwar jiki ta far wa saƙon kafin ya yi aiki. Katalin Karikó da Drew Weissman ne suka gano dabarar a 2005, kuma ita ta ba su kyautar Nobel a 2023.

To, ta yaya ake sanin ko harafin da aka sauya yana riƙe abokinsa da kyau, alhali ko madubin likita ba ya ganinsa?

Na'urar NMR ce ke wannan aikin. Ana zuba RNA a siririn bututun gilashi, a zura shi cikin ƙaƙƙarfan maganaɗisu, sannan a buga masa siginar rediyo. Ƙwayoyin haidurojin sai su mayar da amsa, kowace da muryarta gwargwadon abin da ke kewaye da ita. Na'ura mai megahaz 400, irin wadda ke ɗakin binciken haɗaka na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tana aiki da maganaɗisu mai ƙarfin tesla 9.4. Tashoshin FM da kake kamawa a waya ba sa wuce megahaz 108. Hoton MRI na asibiti ma da wannan ka'ida yake aiki.

Ga inda abin yake da daɗi. Idan harafi ya kama abokinsa, haidurojin da ke tsakaninsu yana zama daram, siginarsa ta fito sarai a allon kwamfuta. In kuwa riƙon ya saki, sai ya riƙa musaya da ruwan da ke kewaye, siginar ta dushe. Da NMR ne Darrell Davis na Jami'ar Utah ya nuna a 1995 cewa pseudouridine yana sa haruffan RNA su jeru kan juna da ƙarfi fiye da U.

Na'urar tana da iyaka. In zaren RNA ya yi tsawo, muryoyin sai su cakuɗe kamar hayaniyar ranar kasuwa. Saƙon da ke cikin allurar ya kai haruffa kusan 4,000, shi ya sa masu bincike ke haɗa gajerun guntaye masu 'yan gomomin haruffa su auna su ɗaya bayan ɗaya.