Disleksiya: yaron da haruffa ke yi wa gardama ba daƙiƙi ba ne

Akwai yaron da ke amsa tambaya da baki tiryan-tiryan, amma da malam ya ce ya karanta allo sai harshe ya sarƙe. A gida a ce rago ne, a lakwal ya maimaita aji. Sau da yawa matsalar disleksiya ce: ƙwaƙwalwa na shan wahalar haɗa harafi da sautinsa, alhali basira lafiya lau. Tana kuma bin jini.

Faransanci na ƙara wa irin wannan yaro nauyi, domin sautin "o" kaɗai ana rubuta shi o, au ko eau. Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2001 ya nuna masu disleksiya a Italiya, inda rubutu ke bin lafazi, sun fi takwarorinsu na Faransa da Ingila karatu daidai.

Bulala ba ta magani. Tsarin Orton-Gillingham, wanda aka ɓullo da shi a Amurka cikin shekarun 1930, na koyar da sauti ɗaya bayan ɗaya: yaro ya ji, ya gani, ya furta, ya zana harafin da yatsa a rairayi. A Faransa, tsarin Borel-Maisonny ya ba kowane sauti alamar hannu.

Idan aka fara da wuri, kurakurai na raguwa, sai dai mai matsananciyar larura yakan girma yana karatu a hankali. Shi ya sa a Faransa ake iya ƙara masa kashi ɗaya bisa uku na lokacin jarrabawa.

Yaron da ya gama CP bai iya haɗa baƙi da wasali ba, a fara duba masa ido da kunne, sannan iyaye su zauna da malaminsa.