R.D. Burman: Mun Daɗe Muna Sayar Da Hajarsa Ba Mu San Sunansa Ba

A wani shirin dare da muke gabatarwa a gidan rediyonmu na nan Kumasi, mun taɓa sa wa masu saurare 'yar gasa. Muka saki wata busa ta hamonika wadda ba ta kai minti ɗaya ba, muka ce a gaya mana daga ina ta fito. Kafin mu rufe baki waya ta ɗauki ruri. Daga Aboabo aka kira, daga Asawase aka kira, har da wani direban babbar mota da ke sauraronmu ta wayarsa yana jiran takardu a Paga. Duk bakinsu ɗaya: fim ɗin Sholay ne, busar da Amitabh Bachchan ke yi da daddare yayin da matar nan da mijinta ya mutu take bin fitilun gida tana kashewa. Da muka ce to, wa ya tsara kiɗan? Sai layi ya yi tsit.

Sunansa Rahul Dev Burman, mutanen ƙasarsu suna kiransa Pancham. An haife shi a Kalkata ranar 27 ga Yuni, 1939. Ɗan gado ne, domin mahaifinsa, S.D. Burman, yana cikin manyan masu tsara kiɗan fim a Bombai, kuma a ƙarƙashinsa yaron ya yi shekaru yana koyon sana'a, kamar dai yadda yaron shago ke zama gaban maigidansa kafin a sallame shi. Fim na farko da ya fito da kiɗansa shi ne Chhote Nawab a 1961, amma bai samu kasuwa ba sai a 1966, da Teesri Manzil na Shammi Kapoor. Daga nan ƙofa ta buɗe: Kati Patang, Amar Prem, Hare Rama Hare Krishna, Yaadon Ki Baaraat. An ƙidaya masa finafinai 331.

Ya kamata mai karatu ya gane aikin irin wannan mutum, domin a nan ne akasarinmu muke yin kuskure. Wanda muke gani yana motsa baki a majigi ba shi ke waƙa ba. Kishore Kumar ne ko Asha Bhosle ko Lata Mangeshkar a bayan fage. Su ma ba su ke ƙirƙirar karin ba. Wani ne zai rubuta baitoci, shi kuma mai tsara kiɗa ya ɗora musu kari, ya tara makaɗa da mabusa, ya nuna wa kowa inda zai shiga da inda zai tsaya. Ban da waƙoƙi, akwai kiɗan da ke bin labari a ƙasa-ƙasa. Wannan sautin da ke sa tsigar jiki tashi duk lokacin da Gabbar Singh zai bayyana a cikin duwatsu, ai ba Amjad Khan ya yi shi ba. A kashe sautin a sake kallon wurin, za a ga rabin tsoron ya tafi.

Abin da ya bambanta Burman da sauran shi ne kunnensa bai raina komai ba. A Yaadon Ki Baaraat na 1973, ƙarar cokali a jikin kofin gilashi ce ta buɗe waƙar da ta fi kowace fice a fim ɗin. A Sholay, wanda aka saki ranar 15 ga Agusta, 1975, busa bakin kwalabe aka yi a farkon waƙar da Helen ta yi rawa a gaban 'yan fashi, kuma muryar da ke rera ta tasa ce da kansa. Ya gauraya tabla ta gida da gangunan Latin Amurka da jitar Turawa tun lokacin da dattawan sana'ar ke ganin haka rashin kunya ne. Duk da haka, Sholay da ya shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombai bai kawo masa kyautar Filmfare ba. Sai a 1983 ya fara karɓar ta, bayan fiye da shekara ashirin yana aiki.

Ba za mu ɓoye ba, shi ma ya yi aro. Karin waccan waƙa ta Helen, daga wata waƙar Demis Roussos ya fito, wani mawaƙi ɗan Girka haifaffen Iskandariya ta Masar. Mu da muka san yadda goro ke barin dajin Asante ya kwana a bakin mutumin Sakkwato, wannan bai ba mu mamaki ba. Kari ya bar Bahar Rum ya shiga Bombai, daga can ya hau kaset ya sauka Ƙofar Wambai a Kano, aka buga shi dubbai, fatake suka ratso da shi ta Kwatano da Lome da Aflao har Kejetia. A Kano masu bandiri irin su Ushaq'u Indiya suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora begen Manzon Allah (SAW) a kai. Da finafinan Hausa suka kankama bayan 1990, yaran da ke zaune gaban fiyano a situdiyo su ma daga wannan rijiya suka sha. A wannan doguwar tafiya kowa ya ci ribarsa, da mai bugawa da mai sari da mai kasawa a tebur. Hoton da ke bangon kaset kuwa na jarumi ne. Mun san Dharmendra da sarkin ƙarfi, mun san Govinda da sarkin rawa, amma ba mu taɓa jin an yi wa mai kiɗa laƙabi ba.

Ƙarshen rayuwarsa ne ya fi tsaya mana a rai, kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa ganin abokan cinikinsa sun wuce shagonsa sun shiga na maƙwabci zai gane shi. A shekarun 1980 yayin disko ya shigo, Bappi Lahiri na Disco Dancer ya kama kasuwa, finafinan da Burman ya yi wa kiɗa kuma suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Laifin labari ne ko na darakta, ba wanda ya tsaya tambaya. Shi aka ɗora wa rashin sa'a. Gidan Nasir Hussain, wanda suka yi kusan shekara ashirin tare, ya ba wasu matasa kiɗan Qayamat Se Qayamat Tak a 1988. Subhash Ghai ya ba Laxmikant da Pyarelal aikin Ram Lakhan. A 1988 ɗin nan ciwon zuciya ya buge shi, aka yi masa aiki a Landan a shekarar da ta biyo.

Vidhu Vinod Chopra ne ya koma gare shi da aikin fim ɗin 1942: A Love Story. Burman ya zauna ya yi kiɗa mai sanyi, ba hayaniya, irin wanda ake cewa ya daina sayuwa. Ya mutu ranar 4 ga Janairu, 1994, yana da shekara 54, fim ɗin bai fito ba. Da ya fito, waƙoƙinsa suka game Indiya, aka ba shi Filmfare ta uku a 1995 yana ƙasa. A shekarar ce kuma aka ƙirƙiro kyauta da sunansa domin sababbin masu tasowa a harkar kiɗa, wanda ya fara karɓa shi ne A.R. Rahman.

Tun daga daren waccan gasa muka sauya tsari a shirinmu. Duk waƙar fim da za mu saka, ta Bombai ce ko ta Kano, sai mun nemi sunan wanda ya tsara kiɗan mun faɗa. Na Indiya ba ya ba mu wahala, yana rubuce a farkon fim da manyan baƙaƙe. Na tsofaffin kaset ɗin Kano ne wani lokaci sai mun kai ƙarshen fim muna tsayar da hoto, muna ƙura ido, kafin mu tsinto shi can ƙasa da sunan mai kwalliya.