Kiɗan Da Ke Tuƙa Yaranmu A Wasannin Kwamfuta

Kwanakin baya na umurci ɗana da ya kashe sautin wasan da yake bugawa a falo, domin ina da baƙi. Ya bi umurni, amma ba a yi minti biyar ba ya ajiye abin bugawar yana gunaguni, wai idan babu kiɗan ba ya sanin lokacin da haɗari ke tafe. Da farko na ɗauka shagwaɓa ce, sai daga baya na gane cewa yaron gaskiya ya faɗa.

Mai karatu, wannan dabara ta daɗe. Tun a shekarar 1978, wasan Space Invaders da Tomohiro Nishikado ya ƙirƙira a Japan yana da sautuka huɗu kacal da ke maimaituwa, kuma suna ƙara sauri yayin da abokan gaba ke matsowa, tamkar bugun zuciyar wanda ya firgita. A 1985 kuwa Koji Kondo ya tsara wa kamfanin Nintendo kiɗan Super Mario Bros. a kan na'urar da ba ta iya fitar da muryoyi fiye da biyar a lokaci guda, ta yadda idan Mario ya yi tsalle, sai ƙarar tsallen ta ari ɗaya daga cikin muryoyin kiɗan. Duk wanda ya taɓa buga wasan nan ya san abin da ke faruwa idan lokaci ya rage 100: kiɗan ya zabura, hannu ya fara rawa, sai ka ga babban mutum ya faɗa ramin da ya saba tsallakewa.

Mu Hausawa bai kamata abin ya ba mu mamaki ba. Makaɗin gayya yana kallon manoma ne kafin ya sauya kiɗa, haka nan Ɗan Anace ba ya wasa Shago sai idonsa na kan fage. Bambancin kawai shi ne, a yau manhaja ce ke kallon mai wasa, tana ɗaga kiɗa ko sassauta shi gwargwadon abin da ya aikata.

Kazalika duniya ta daina yi wa wannan fasaha kallon wasan yara. Waƙar Baba Yetu, wadda Christopher Tin ya tsara da harshen Swahili domin wasan Civilization IV na 2005, ta ci kyautar Grammy a 2011, ita ce kuma ta farko daga wasan kwamfuta da ta yi hakan. A 2023 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya kiɗan Mario cikin jerin sautukan tarihi da ƙasar ke adanawa.

To amma inda gizo ke saƙar shi ne, kiɗan da aka tsara don kada ya gunduri kunne ko an maimaita shi sau ɗari, shi ne kuma yake sa yaro ya manta da agogo. Yawancin ƙananan wasannin wayar salula suna saka wa mai wasa da wata 'yar ƙara mai daɗi duk lokacin da ya ci, irin wadda injinan caca ke yi, kuma a ganina ba bisa kuskure aka yi hakan ba. Mu iyaye mukan leƙa allon don mu ga ko akwai batsa ko zubar da jini, amma ba mu cika kasa kunne ba.

Ni dai na yi gwaji a gidana: na bar masa sautinsa da rana, na ce a kashe shi bayan sallar isha'i. Tun daga ranar ban sake yin faɗa da shi a kan lokacin barci ba, domin da kansa yake tashi, yana cewa wasan ya yi lami.