Kukan Birki: Gargaɗin Da Bai Kamata A Toshe Ba

Da yawa daga cikin masu motoci, har da ma'aikatan da suka sha wuya kafin su mallaki tasu, ba sa tunawa da birki sai ran da ya fara kuka. Ko a sa'an nan ma, abin da ya fi damun wasu shi ne kunyar a ji motarsu tana tsuwa a bakin ofis. Sai su garzaya gareji su ce wa bakanike ya kashe musu ƙarar kawai. To, a nan gizo ke saƙa, domin kukan birki iri-iri ne. Wani ba shi da wata illa, wani kuwa gargaɗi ne wanda maƙeran motar suka shirya da gangan.

Birkin gaba na galibin ƙananan motoci na faifai ne, wanda makanikai ke kira diski. Idan direba ya taka birki, man birki ne ke tura ƙarfin zuwa ƙafafu, sai wasu falle biyu da ake kira fad su matse faifan hagu da dama har taya ta tsaya. Kukan da ake ji ba kome ba ne illa karkarwar da fad da faifai ke yi sa'ad da suke gogayya, fiye da sau 1,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, kamar yadda izgar goge ke ba da sauti in an ja ta.

Saboda haka aikin farko shi ne a lura da lokacin da kukan ke zuwa. In da sassafe ne kawai, musamman da damina, kuma ya ɓace bayan an taka birki sau biyar ko shida, to tsatsa ce 'yar kaɗan da raɓa ta bari a kan faifai. Haka nan ƙurar hunturu takan sa shi. Wannan ba abin kashe kuɗi ba ne.

Wanda ya kamata ya tayar da hankali shi ne siririn kuka mai kaifi da ba ya barin mota, wani lokaci ma ana jin sa ana cikin tafiya, sai an taka birki ya ɗauke ko ya sake murya. A jikin fad da yawa akwai wani ɗan harshen ƙarfe da aka liƙa musamman. Sabon fad na gaba yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12. Idan ya cinye ya rage kamar milimita 2 ko 3, sai harshen nan ya soma taɓa faifai, ya yi ta tsuwa don mai mota ya san lokacin canji ya yi. Abin takaici, akwai masu lanƙwashe harshen don ƙara ta ɗauke, su karɓi ladan aiki. Mai motar da ya yarda da haka ya kashe mai gadinsa da hannunsa, domin abin da zai biyo baya shi ne gurnani irin na niƙa, alamar ƙarfe na cin ƙarfe. A nan faifan ma ya lalace, kuɗin gyara ya ninka, mota kuma ba ta tsayawa inda aka nufa.

Akwai kuma kukan da zafi ke jawowa. Direban da ya gangaro hanya irin ta Hawan Kibo, daga tsaunukan Jos, ƙafarsa a kan birki tun daga sama har ƙasa, yana iya ƙona fuskar fad ta yi santsi da sheƙi kamar tangaran. Irin wannan fad yana kuka, kuma ba ya kamawa sosai. Maganinsa tun farko shi ne a sauko da ƙaramar giya, inji ya riƙe motar.

Wajen gyara, sai an ɗaga mota an cire taya an gani da ido, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashinta alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. In fad ya ƙare, a canja na ƙafafun biyu tare, hagu da dama, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe guda. A duba faifai ko ya yi zane mai zurfi. Akwai iyakar kaurin da aka buga a jikinsa, wadda in ya gaza ta, sai a sake shi. In an tarar fad ɗaya ya fi ɗan'uwansa cinyewa, to sandunan da maƙallin birki ke zamewa a kansu ne suka cije. A wanke su, a shafa musu giris na musamman na birki, domin giris na gama-gari yana kumbura roba. Bayan fad kaɗai ake ɗan shafa wa, amma fuskarsa da ta faifai ko ɗigon mai kada ya taɓa su. Masu zuba baƙin mai don kashe ƙara, birkin ne suke kashewa.

Ƙurar birki ma ba a hura ta da baki ko da iskar famfo, sai dai a share da jiƙaƙƙen tsumma. Tsofaffin fad da wasu masu araha suna ɗauke da sinadarin asbesto mai jawo cutar huhu, wanda Tarayyar Turai ta haramta baki ɗaya tun 2005.

Idan an gama ɗaurawa, kafin mota ta motsa, lalle ne a taka birki sau da yawa har ya yi tauri, domin takun farko yakan tafi ƙasa ba tare da ya kama ba. Daga nan a nemi hanyar da ba cunkoso, a yi gudu matsakaici a rage shi a hankali kamar sau goma, don sabon fad ya zauna daidai a kan faifai.