Alamar Hanya a Daji: Leda ko Aguwa?

A Amurka da Kanada, masu awon ƙasa da masu saran katako da maharba suna ɗaura wani zirin leda mai launin ja ko ruwan goro a rassan itatuwa don su gane hanyar da suka biyo. Ba nauyi, ba tsada, ga shi ana hango shi daga nesa. Sai dai masu kula da dazuzzukan can sun daɗe suna kokawa da shi, domin wanda ya ɗaura ba kasafai yake komowa ya kwance ba. Rana ta dake shi ya koɗe, ya marmashe, ya bi ƙasa. Wani ya zo ya ɗaura nasa, har baƙo ya rasa wanne zai bi. A babbar hanyar ƙafa ta tsaunukan Apalaciya, mai tsawon kusan kilomita 3,500, farin fenti ake shafawa a jikin itace, alama ɗaya da kowa ya sani.

A gundumar Madarumfa ta Nijar batun alamar hanya ya wuce na yawon buɗe ido. Nan garken shanu da tumaki suke ratsawa tsakanin arewacin jihar Maraɗi da iyakar Najeriya ta wajen Jibiya, su bi ta gefen dajin Baban Rafi, su nemi ruwa a Gulbin Maraɗi da tafkin Madarumfa. Gonaki kuwa sun matso ta ko'ina. Inda iyakar burtali ta ɓace, manomi ya ɗan ci kunya ɗaya bana, ya ƙara biyu baɗi, ran da garke ya iso sai rigima. Mutanen jihar ba su manta da Toda ba, inda a watan Oktoba na 1991 aka kashe Fulani fiye da 100, galibinsu mata da yara.

Kakanninmu sun san maganin wannan. Suna dasa aguwa a gefen burtali, saboda reshenta kawai ake kafawa ya kama, kuma tana jure fari. Tsakanin gona da gona sukan bar tushen gamba, wanda ke tsare iyaka, ya tare zaizayar ƙasa, ya kuma ba da ciyawar zana. Alama ce mai rai, tana ƙara ƙarfi da shekaru.

Hukuma ta ɗora a kan wannan. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda daga baya suka kai har ƙauye, sannan dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi 'yancin zirga-zirga da dabbobinsa. Yadda aikin yake, manoma da makiyaya da masu gari su taka burtalin tare, su yarda da faɗinsa, a rubuta, a sa hannu, kana a kafa turakan siminti. Ƙarfin turken daga wannan yardar yake fitowa.

Zirin leda ba ya da ko ɗaya cikin waɗannan. Yaro ma zai kwance shi ya mayar gaba. Ga kuma illarsa ga dabba: duk mahaucin da ke fawa a yankin nan ya san curin ledar da ake tararwa a tumbin akuya ko saniya, mai hana ta cin abinci har ta rame ta mutu. Saboda irin wannan ɓarna Nijar ta kafa dokar hana buhunan leda marasa kauri a 2014.

Mai awo da ke buƙatar alamar kwana biyu, ya yi amfani da tsumman auduga ko farar ƙasa, ya kwance abin da ya ɗaura idan ya gama. Burtali kuwa haƙƙin jama'a ne. Kafin kowace damina, ya kamata kwamitin ƙauye ya zagaya ya duba turakan da suka faɗi, a tashe su a gaban manomi da makiyayi, a dasa aguwa a tsakaninsu.