Kasuwar Duwatsu Masu Daraja a Jihar Nasarawa: Inda Ribar Take Maƙalewa

LAFIYA: Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato, ta kuma sanya Lafiya ta zama hedkwatarta, ake yi wa jihar kirari da gidan ma'adinai. Kirarin kuwa yana da tushe, domin akwai gishiri a Keana da Awe, da barait a Azara, da kuza da kwalambait a yankin Udege, da kwal a Obi, da dutsen marmara a Toto.

Sai dai akwai wani kashi na wannan arziki da ba a ganinsa a bayan tirela, saboda ana iya ƙulle kayan miliyoyin naira a cikin hankici a jefa a aljihu. Waɗannan su ne duwatsu masu daraja, irin su zumurrudu da akwamarin da tomalin da tofaz, waɗanda ake haƙowa a arewacin jihar su ƙare a shagunan kayan ƙawa na Turai da Amurka da Asiya. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani shi ne yadda dutsen yake tafiya daga rami zuwa shago, da kuma matakin da mafi yawan ribar take maƙalewa.

Inda ake samun duwatsun

Masana ilmin ƙasa sun bayyana cewa akwai wani zirin duwatsu da ya taso daga wajejen Wamba da Jama'a ya miƙe zuwa kudu maso yammacin Najeriya, tsawon kimanin kilomita 400. A cikin wannan ziri ake samun wani nau'in dutse da ake kira fegmatait, wanda ya samu ne daga ragowar narkakken dutse mai ruwa da sinadarai masu wuyar samu, abin da ya ba ƙwayoyinsa damar girma sosai. Ƙananan hukumomin Wamba da Akwanga da Kokona da Keffi da Nasarawa duk suna kan wannan ziri, kuma daga nan ne tomalin mai launin ja da kore yake fitowa. Yankin Nasarawa Eggon kuwa, tare da Gwantu da ke maƙwabtaka a kudancin Jihar Kaduna, ya yi suna wajen zumurrudu da akwamarin.

Zumurrudu da akwamarin 'yan gida ɗaya ne, wato dutsen da ake kira beril. Ɗan abin da ya gauraya da shi ne yake raba su: ƙarfe yana ba shi launin shuɗin ruwa ya zama akwamarin, sinadarin kuromiyam ko banadiyam kuma yana ba shi kore ya zama zumurrudu. A shekarun 1980 da 1990 an yi ta muhawara a kasuwannin Turai a kan ko koren dutsen tsakiyar Najeriya ya cancanci sunan zumurrudu, ko kuwa koren beril ne kawai, domin launin da yawa daga cikinsa bai kai na ƙasar Kwalambiya ko Zambiya duhu ba. Wannan muhawara ta kuɗi ce tsantsa, saboda sunan da aka rubuta a takardar shaida yana iya ninka farashin dutse.

Yadda sana'ar ta bunƙasa

Haƙar ma'adinai daɗaɗɗiyar sana'a ce a wannan yanki. Kamfanonin Turawa sun soma haƙar kuza a tsaunukan Jos tun farkon ƙarni na 20, kuma dubban Hausawa sun yi aikin kuza, sun saba da diga da shebur da wankin tsakuwa. A cikin tsakuwar kuzar ma ana tarar da tofaz, amma a wancan zamani ba a damu da shi ba. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, sannan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sai duk wani abu da za a iya sayarwa da dala ya ƙara daraja. Leburorin da suka rasa aiki suka koma neman duwatsu, masu saye daga Senegal da Mali da Gini da Gambiya kuma suka yi ta shigowa Jos.

Bayan haka an sami gano-gano da suka fito da sunan Najeriya. A ƙarshen shekarun 1990 jan tomalin da wani dutse mai ruwan lemo da ake kira ganet sun fito da yawa daga Jihar Oyo, abin da ya mai da Badun babbar cibiyar ciniki. A wajejen 2001 aka sami tomalin mai ɗauke da tagulla a kudu maso yammacin ƙasar, irin wanda aka fara ganowa a jihar Faraiba ta Barazil a ƙarshen shekarun 1980, wanda yake cikin mafi tsadar tomalin a duniya. Daga baya shuɗin yaƙutu na tsaunin Mambila a Jihar Taraba ya ja hankalin masu saye na Asiya.

Daga rami zuwa kasuwa

Mafi yawan haƙar duwatsu masu daraja ƙananan masu haƙa ne suke yin ta da hannu. Galibi akwai uban gida da ke ɗaukar nauyin rami, ya sayi abinci da kayan aiki da injin janye ruwa, bisa sharaɗin cewa abin da aka samu za a raba, ko kuma shi za a fara yi wa tayi. Daga bakin rami dutsen yana shiga hannun ƙananan 'yan sari, su kai shi Keffi ko Akwanga, daga nan ya wuce Jos ko Abuja ko Badun, inda manyan dillalai suke tara kaya.

Wanda ya zaga irin waɗannan kasuwanni ba zai ga rumfuna jere da kaya a baje ba. Ciniki a ɗaki ake yin sa, ko a barandar otal, a kan farar takarda ko faranti, da ƙaramin sikeli da tocila da madubin ƙara girma. Babu farashin da aka rubuta a allo kamar na zinariya. Kowane dutse da nasa ciniki, kuma amana da sanayya su ne jarin dillali.

Daga Najeriya kayan suna nufar wurare sanannu. Bankok da garin Cantaburi na ƙasar Tailan su ne cibiyar gyaran duwatsu masu launi, kuma 'yan kasuwar Afirka ta Yamma sun daɗe da kafa zango a can. Jaifur ta Indiya ta shahara da yankan zumurrudu, garin Idar-Oberstein na Jamus kuma da aiki mai inganci. Ana baje kolin kayan da aka gama a Hong Kong, da kuma birnin Tusan na Amurka a farkon kowace shekara.

Abin da ke yanke farashi

Ma'aunin wannan kasuwa shi ne karat, kuma karat 5 ne suke yin giram 1. A bakin rami da giram ake saye, a ƙasashen waje kuwa bayan an yanka da karat ake sayarwa. Abubuwa huɗu ake dubawa: launi, da tsabtar cikin dutse, da girma, da kyan yanka. A duwatsu masu launi, launi shi ne kan gaba. Haka kuma farashi ba ya tafiya daidai da nauyi, domin dutse guda mai karat 10 ya fi duwatsu goma masu karat ɗaya-ɗaya tsada nesa ba kusa ba, saboda manya masu tsabta sun fi wuyar samu.

Wani lissafi da sabon shiga yakan manta shi ne asarar yanka. A bisa al'ada, abin da ke saura bayan an yanka dutse an goge shi bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyinsa ba. Alal misali, ɗanyen dutse mai giram 10 karat 50 ke nan, amma abin da zai isa shago yana iya tsayawa tsakanin karat 12 da 17. Idan akwai tsaga a ciki, sai a raba shi ƙanana, darajarsa ta ƙara faɗuwa. Wannan ya sa nakiya take cikin manyan abokan gabar sana'ar, domin tana farfasa ƙwayar da ta ɗauki miliyoyin shekaru tana haɗuwa.

Jabu da gyararre

Haɗarin farko ga mai saye shi ne jabu. Ana fasa koriyar kwalba a turbuɗe ta a ƙasa a kawo ta a matsayin zumurrudu, ana kuma haɗa duwatsun da aka ƙera a masana'anta da na gaske. Ƙera yaƙutu ba sabon abu ba ne, tun 1902 wani Bafaranshe mai suna Verneuil ya bayyana hanyar yin sa. Akwai gwaje-gwaje masu sauƙi da ke rage haɗarin. A ma'aunin tauri mai hawa 10, gilashi yana wajen 5 da rabi, tomalin 7 zuwa 7 da rabi, beril 7 da rabi zuwa 8, tofaz 8, yaƙutu 9, daiman kuma 10. Nauyi ma yana tona asiri: tofaz ya fi akwamarin mai girma ɗaya da shi nauyi sosai, ko da launinsu ya zo ɗaya. Kumfar iska zagayayya a cikin dutse kuwa sau da yawa alamar gilashi ce.

Gyararren dutse daban yake da jabu. Ana gasa akwamarin don a kawar da korensa, ana shafa wa zumurrudu mai don a ɓoye tsaga, kuma mafi yawan shuɗin tofaz da ke shaguna fari ne da aka sauya wa launi da na'ura. Kasuwar duniya ta amince da waɗannan gyare-gyare muddin an bayyana su ga mai saye, shi ya sa takardar shaida daga amintaccen ɗakin gwaji take da tasiri a kan farashi.

A nan ne matsalar tattalin arzikin take. Masanin nan George Akerlof, wanda ya sami lambar Nobel a 2001, ya nuna tun 1970 cewa idan ɗaya daga cikin masu ciniki ya fi ɗaya sanin ingancin kaya, kasuwa takan gurɓace, mai kaya na gari ya rasa farashin da ya dace. A kasuwar duwatsu abin yana cizo ta fuska biyu. Mai haƙa bai san darajar abin da ke hannunsa ba, ga yunwa ga bashin uban gida, sai ya sayar da arha. Baƙon mai saye kuma yana tsoron jabu, sai ya karya farashin kowa. Wanda ya san dutse, ya kuma san kasuwar waje, shi ne yake kwashe bambancin.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ma'adinan ƙasar, saboda haka mai gona ba shi da ikon abin da ke ƙarƙashin gonarsa, gwamnatin jiha ma ba ta ba da lasisin haƙa. Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011 su ne suke tafiyar da harkar. Ofishin rajistar filayen haƙa da ke Abuja ne yake ba da lasisin bincike da na haƙa, har da na ƙananan masu haƙa, wanda ƙungiyoyin gama kai suke iya nema. Mai saye yana buƙatar lasisin saye da mallakar ma'adinai, mai fitarwa waje kuma sai ya biya harajin ma'adinai, ya sami izinin fitarwa, ya kuma dawo da kuɗin ta banki cikin wa'adin da Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade.

Duk da haka, kaso mai yawa na duwatsun yana fita ba tare da ya shiga littafin kwastan ba, saboda ƙanƙantarsu. Wannan asara ce ga jihar kai tsaye, domin kason kashi 13 cikin 100 da ake mayar wa jihar da aka samo arziki daga cikinta ana lissafa shi ne a kan abin da ya shiga asusun tarayya. A watan Maris na 2024 Ma'aikatar Bunƙasa Ma'adinai ƙarƙashin Minista Dele Alake ta ƙaddamar da dakarun tsaron wuraren haƙa, don yaƙi da haƙa ba bisa ƙa'ida ba.

Zuwan litiyam

Sabon al'amari a jihar shi ne litiyam, wanda ake yin batirin waya da na motoci masu lantarki da shi. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi ta kamfanin Avatar a ƙaramar hukumar Nasarawa, a zamanin Gwamna Abdullahi Sule. Abin lura shi ne fegmatait ɗin da ke ɗauke da litiyam shi ne kuma yakan ɗauki tomalin da beril. Mai neman litiyam tan yake ƙirgawa, yana fasawa yana niƙawa, mai neman dutse mai daraja kuwa giram yake ƙirgawa, yana tono da lallami. Idan ba a tanadi masu tsince duwatsun kafin kaya su shiga injin niƙa ba, za a riƙa niƙe abin da giram ɗinsa ya fi buhunan litiyam kuɗi.

Inda dama take

Ga 'yan kasuwar da ke son shiga harkar, dama mafi girma tana wajen ilmi da sarrafawa. Injin yanka da goge dutse ƙarami ne, yana zama a kan tebur, kuma matashi mai natsuwa yana iya koyon tushen aikin cikin watanni, ko da yake ƙwarewa tana ɗaukar shekaru. Jihar tana da Jami'ar Jiha a Keffi da Jami'ar Tarayya a Lafiya, ga kuma cibiyar nazarin haƙar ma'adinai a Jos, waɗanda za su iya shirya gajerun kwasa-kwasai a lokacin dogon hutu ga masu haƙa da dillalai a kan gane dutse, da auna shi, da kimanta shi. Sai dai masu sayen waje ba sa karɓar yanka maras kyau, sukan sake yanka shi su cire asarar daga farashi, don haka horon da bai kai matsayin kasuwar duniya ba ɓarnar dutse ne.

Abu na biyu shi ne kasuwa mai rajista, inda za a sami sikeli na gaskiya da ɗakin gwaji da jami'in karɓar haraji a wuri guda, ta yadda bin doka zai fi fasa-ƙwauri sauƙi. Kafin a kai ga haka, shawarar da tsofaffin dillalai suke bai wa sabon shiga ita ce ya fara da ƙaramin jari, ya tsaya a kan nau'in dutse ɗaya har ya san shi, ya mallaki lasisinsa, kada kuma ya biya kuɗin dutse sai ya duba shi da hasken rana.